Wa ke da ta-cewa wajen sayen ɗan wasa: mai kulob, koci ko darakta?

Abu_Safwan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya, ina so waɗanda suka daɗe suna bin harkar ƙwallo su warware mana. A kulob, maganar wa ya kamata ta zama ta ƙarshe idan za a sayi ɗan wasa ko a sayar? Mai kulob, ko koci, ko wannan da ake kira daraktan wasanni, wasu wuraren kuma su ce janar manaja?

Ni dai ra'ayina a fili yake: koci. Shi ne zai tsaya a bakin fili, shi zai zauna gaban 'yan jarida bayan an tashi wasa, shi kuma za a miƙa wa takardar sallama idan abu ya ƙi. To ta yaya wani da ke zaune a ofis zai zaɓo masa mutanen da zai yi aiki da su? A 2006 Chelsea ta biya wajen fam miliyan 30 ta ɗauko Shevchenko daga AC Milan, kuma duk wanda ya bi labarin a lokacin ya san mai kulob ɗin, Abramovich, ne ya daɗe yana son sa. Kocinsu Mourinho ya ci Firimiya sau biyu a jere kafin nan, yana da tsarinsa, yana da Drogba. Aka kawo masa wanda dole sai ya nema masa gurbi. Kafin Satumban 2007 ya ƙare Mourinho ya bar kulob ɗin. Ni wannan rashin adalci nake ganinsa.

Kabiru_Gunner:
Wa alaikumus salam. Ka faɗi gaskiya Malam. Ku duba Ferguson na Manchester United da Wenger na Arsenal. Ɗaya ya yi daga 1986 zuwa 2013, ɗaya daga 1996 zuwa 2018, kuma babu wanda ya isa ya kawo musu ɗan wasan da ba su nema ba. Tun da aka fito da maganar darakta koci ya koma ma'aikacin haya.

Ummu_Haidar:
Kabiru, Wenger fa ba shi kaɗai ya yi aikin nan ba. David Dein, mataimakin shugaban kulob, ne ke zama da wakilan 'yan wasa, shi ke ƙulla ciniki, shi ma ya kawo Wenger ɗin tun farko. Da Dein ya bar Arsenal a 2007 nauyin ya dawo kan Wenger, kuma magoya bayanku da kansu sun yi shekaru suna kukan ana jan ƙafa a kasuwa. Ferguson ma yana da David Gill, shugaban gudanarwa. Su biyun suka tafi a shekara ɗaya, 2013, ka ga abin da ya biyo baya: sabon koci, Moyes, da sabon shugaban gudanarwa, Woodward, suka yi ta bin manyan sunaye duk tsawon bazarar, sai a ranar rufe kasuwa suka tsira da Fellaini a kan fam miliyan 27.5. Ilimin sayen 'yan wasa na kulob ɗin gaba ɗaya a kan mutum biyu yake, da suka fita sai ya bi su.

Kabiru_Gunner:
Hajiya, ban musa ba. Amma Dein ciniki yake yi, Wenger ke zaɓa. Abin da mai tambaya ke nufi ke nan.

Malam_Isyaku:
Bari in sa baki, don ina ganin an haɗa abubuwa da yawa a cikin kalmar "saye".

Kafin ɗan wasa ya sa hannu a kwantiragi akwai matakai, kuma ba mutum ɗaya ke riƙe da su ba. Mai kulob shi ke cewa bana ga abin da za a kashe, ga kuma iyakar albashi. Koci ya ce ina buƙatar ɗan baya na hagu mai gudu, wanda zai iya hawa gaba ya dawo. Sashen nemo 'yan wasa, masu zuwa kallo a filaye da masu nazarin alƙaluma a kwamfuta, su fito da sunaye kamar huɗu ko biyar. Darakta ya tuntuɓi wakilai ya ji farashi, ya ji albashin da kowanne ke so, ya binciki halinsa da tarihin raunukansa. Daga nan a zauna. A yawancin manyan kulob-kulob yanzu ba a sayen wanda koci ya ce sam ba ya so, haka kuma koci ba ya iya tilasta a sayi wanda darakta ya ce kuɗinsa ya wuce ƙima. Kowannensu yana iya hanawa, amma babu mai iya zartarwa shi kaɗai.

Dalilin da ya sa aka koma haka shi ne lokaci. Ɗan wasa kwantiragin shekara huɗu ko biyar yake sa wa hannu, koci kuwa sau da yawa ba ya kai rabin haka a kan kujerarsa. Kocin da ya san wasa uku ne tsakaninsa da kora, ɗan shekara 30 zai nema wanda zai ci masa ƙwallo ranar Asabar, kuma ba laifinsa ba ne, aikinsa yake karewa. Amma bayan ya tafi kulob ne zai ci gaba da biyan albashin mutumin nan, ga shi ba ya sayuwa. To dole a samu wanda aikinsa shi ne tunanin shekara uku masu zuwa.

Abu_Safwan:
Malam Isyaku Allah ya ƙara sani. Amma idan haka ne, me ya sa idan 'yan wasan suka gaza koci kaɗai ake kora? Sau nawa ka ji an kori darakta a tsakiyar kaka?

Sadiq_Anfield:
Ni misali ɗaya zan bayar. A 2017 kocin Liverpool, Klopp, Julian Brandt yake so, yaron da ya sani tun a Jamus. Daraktan wasanni Michael Edwards da mutanensa suka dage a kan Salah na Roma, suka yi ta kawo masa hujja har ya amince, kuma Klopp da bakinsa ya yaba musu daga baya. Salah ya zo ya ci ƙwallo 32 a Firimiya a kakarsa ta farko. Da maganar koci ce kaɗai ke aiki da ba mu gan shi a Anfield ba. Haka aka sayar da Coutinho a Janairun 2018, aka kawo Van Dijk a kan fam miliyan 75, daga baya Alisson. Klopp babban koci ne, amma girmansa har da yadda yake sauraron mutanen ofis.

Tsohon_Gola:
Sadiq ka ɗauko mai daɗin ka bar mai ɗacin. Wannan kulob ɗin dai, da wannan kwamitin sayen 'yan wasan, su suka kawo Balotelli a 2014 a kan fam miliyan 16, makonni kaɗan bayan koci Rodgers ya fito ya ce ba za su saye shi ba. Ƙwallo ɗaya tak ya ci a Firimiya. Wa aka kora a Oktoban 2015? Rodgers. Mutanen kwamitin suna nan, wasu ma girma suka ƙara samu. Abin da Abu Safwan ke faɗa ke nan.

Sadiq_Anfield:
Haka ne Baba. Amma a lokacin kowa nasa yake ja: wannan na koci ne, wancan na kwamiti ne, har 'yan jarida suna rarraba 'yan wasan gida biyu. Ba tsarin ne ya gaza ba, mutanen ne ba su yarda da juna ba.

Hauwa_Blues:
Abu Safwan, tunda da Chelsea ka fara, bari in mayar da kai can. Wannan Mourinhon da kake karewa, da ya dawo a 2013 ya tarar da De Bruyne da Lukaku a kulob, Salah kuma ya zo a Janairun 2014. Lokacin Michael Emenalo ne daraktan fasaha, kuma aikin tara matasa yana tafiya. Mourinho bai ba su wasa yadda za su zauna ba. De Bruyne ya tafi Wolfsburg, Lukaku ya tafi Everton, Salah aka tura shi aro Italiya. Mourinho ya ci Firimiya a 2015, ban hana shi ba, amma Disambar wannan shekarar aka sallame shi. Mu kuma muka yi shekaru muna kallon yaran nan suna cin kofuna a wasu wurare.

Sai na 2022. Sababbin masu kulob sun zo, ɗaya daga cikinsu, Boehly, ya riƙe kujerar darakta da kansa na wucin gadi. Ranar 1 ga Satumba aka sayo Aubameyang daga Barcelona saboda ya yi aiki da kocinmu Tuchel a Dortmund. Ranar 7 ga wata aka kori Tuchel. Wasa ɗaya suka yi tare. Zuwa Fabrairu sabon koci Potter ya cire Aubameyang daga jerin 'yan wasan Gasar Zakarun Turai. An sayi ɗan wasa don koci, an kori kocin cikin mako guda. Har yau abin yana min ciwo, don mutumin nan bai yi laifin komai ba.

Abu_Safwan:
'Yar'uwa, na Aubameyang ai laifin mai kulob ne. In ka san za ka kori mutum, me ya kai ka saya masa ɗan wasa? Na De Bruyne kuwa na karɓa, babu abin da zan ce.

Bash_Madridista:
Duk kuna ta koci da darakta kun manta da mai gayya mai aiki. A Real Madrid kowa ya san Florentino Pérez ne ke yanke hukunci, koci ya karɓi abin da aka ba shi. Tun dawowarsa a 2009 an ci Gasar Zakarun Turai a 2014, 2016, 2017, 2018, 2022 da 2024. Wane kulob ne mai kwamiti ya yi haka? Vinícius tun yana ɗan shekara 16 aka ƙulla cinikinsa da Flamengo a 2017, ba wani koci da ya nema. Mai kuɗi in yana da ido, a bar shi ya yi.

Malam_Isyaku:
Ƙaramin gyara Bash. Pérez ba mai kulob ba ne, shugaba ne da mambobi ke zaɓa, kulob ɗin nasu ne. Kuma ba shi ke yawo a filayen Brazil ba. Akwai José Ángel Sánchez a gudanarwa, akwai Juni Calafat da ke jagorantar nemo matasa. Hukuncin ƙarshe nasa ne, amma aikin na ƙwararru ne.

Ummu_Haidar:
Kuma Bash kada ka tsallake 2003. Sun ci La Liga, aka ƙi sabunta wa koci Del Bosque kwantiragi, aka sayar da Makélélé ga Chelsea saboda ba a ga dalilin ƙara masa albashi ba, aka kawo Beckham. Ba su sake cin La Liga ba sai 2007, bayan Pérez ya yi murabus a 2006. Duk kocin da ka tambaya a lokacin zai gaya maka Makélélé ne ke riƙe da tsakiyar nan. Shugaba ya ga mai sayar da riguna, bai ga mai ƙwato ƙwallo ba.

Bash_Madridista:
Wannan zamanin farko ne Hajiya. Ya koyi darasi.

Nura_53:
Ku ba ni dama in kawo wani ɓangare, don kalmar janar manaja da mai tambaya ya ambata a ƙwallon Amurka ta fi ƙarfi, wato NFL, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita. Ina bin gasar sosai, kuma wannan gardamar a can ta fi zafi.

Ƙungiyoyi 32 ne. Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya kamar a Turai. Hanya mafi girma ita ce zaɓen matasa daga jami'o'i da ake yi duk shekara, zagaye bakwai, ƙungiyar da ta fi kowa faɗuwa a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Akwai kuma iyakar albashi da babu ƙungiyar da za ta haura, kuma 'yan wasa 53 kawai za ka riƙe. Saboda haka a kan rubuta a kwantiragi ƙarara: wa ke da maganar ƙarshe a ranar zaɓe, wa ke da ita a kan jerin 53. Wasu ƙungiyoyin koci yana ƙarƙashin janar manaja, wasu janar manaja yana yi wa koci aiki, wasu kuma kowannensu kai tsaye yake kai rahoto wurin mai ƙungiya.

Jerry Jones ya sayi Dallas Cowboys a 1989, ya naɗa kansa janar manaja, ya kawo Jimmy Johnson koci. Suka ci Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, sau biyu a jere, a farkon 1993 da farkon 1994. A Maris na 1994 suka rabu, kuma babban abin da ya raba su shi ne wa za a ce ya gina ƙungiyar. Sun ƙara cin kofi ɗaya a farkon 1996 da 'yan wasan da Johnson ya bari, daga nan shekaru suka yi ta wucewa babu. Magoya bayansu sun daɗe suna cewa a kawo janar manaja na gaske, amma wa zai kori mai gida daga kujerar da ya ba kansa?

Na biyu, New England Patriots. A zaɓen 1996 koci Bill Parcells ɗan tsaron baya yake so, aka zaɓi Terry Glenn, ɗan kai hari, mai ƙungiya Robert Kraft ya goyi bayan mutanen ofis. Parcells ya kai su wasan ƙarshe a wannan kakar, sannan ya tafi. A nan ya yi maganarsa da ta shahara, ma'anarta: in ana so ka dafa abinci, ai ko yaya a bar ka ka yi wani ɓangare na cefanen. Abu Safwan, wannan mutuminka ne.

Abu_Safwan:
Wallahi ya gama magana. Abin da nake ta ƙoƙarin faɗa ke nan tun farko.

Nura_53:
Tsaya ka ji ƙarshen labarin ɗan'uwa. A 2000 Kraft ya ɗauko Bill Belichick ya ba shi duka biyun, horarwa da zaɓen 'yan wasa. Suka ci Super Bowl shida. Amma da gwarzon ɗan wasansu Tom Brady ya tafi a 2020, sai kurakuran zaɓen matasa na shekarun baya suka fito fili, ƙungiyar ta yi ƙasa, suka rabu da shi a Janairun 2024. Masu sharhi da yawa sun ce a matsayin koci bai gaza ba, a zaɓen 'yan wasa ne ya gaza, kuma babu wanda ke da hurumin ce masa a'a a cikin ginin.

Kabiru_Gunner:
Jama'a mun bar Firimiya mun tafi Amurka. A dawo kan hanya don Allah.

Tsohon_Gola:
Ai hanya ɗaya ce Kabiru. Ni na taɓa horar da wata ƙaramar ƙungiya, ba ta ƙwararru ba, ta wani mai hali da ke ɗaukar nauyin komai. Ana gobe wasa mai muhimmanci ya zo filin atisaye da wani yaro a motarsa, ya ce gobe da shi za a fara. Ban taɓa ganin yaron ya taɓa ƙwallo ba. Wanda zai zauna a benci dominsa kuwa bai taɓa fashin atisaye ba, ko ruwa ake shi ke fara zuwa. Da na kira sunaye a ɗakin sauya kaya babu wanda ya ce uffan, amma na ga yadda suka sunkuyar da kai suna ɗaure takalma. Sun gane ba ni na zaɓa ba. Daga ranar, duk wanda na ajiye a benci ba ya zuwa wurina, wurin mai ƙungiya yake tafiya. Abin da masu kuɗi ba sa gani ke nan. Ba ingancin ɗan wasan ne kaɗai abin dubawa ba. Da zarar 'yan wasa sun san akwai ƙofar da ta wuce ta koci, horo ya ƙare.

Hauwa_Blues:
Baba wannan gaskiya ne, kuma a manyan kulob ma haka yake. Ɗan wasan da ke da lambar wayar mai kulob ya fi ƙarfin koci.

Malam_Isyaku:
Abin da Tsohon Gola ya faɗa shi ya sa nake raba abu biyu. Wa zai shigo kulob, wannan a zauna a tattauna. Wa zai buga ranar wasa, wannan na koci ne shi kaɗai, babu mai kulob babu darakta. Duk inda aka taka wannan iyakar an shiga matsala.

Maganar rubutawa a kwantiragi da Nura ya kawo kuma, a Ingila ma ta taɓa kai ga shari'a. Koci Kevin Keegan ya ajiye aiki a Newcastle a Satumban 2008, bayan an kawo masa Ignacio González aro ba da son ransa ba. Dennis Wise ne ke riƙe da harkar sayen 'yan wasa a lokacin, kuma abin da aka ce wa Keegan shi ne ya duba yaron a YouTube. Kwamitin sasanci na Firimiya ya saurari ƙarar a 2009, ya gamsu cewa Keegan ya karɓi aikin ne bisa fahimtar cewa maganar ƙarshe tasa ce, ya ba shi diyyar fam miliyan 2. Abin lura shi ne kulob ɗin a bainar jama'a yana cewa koci ke da iko, a cikin gida kuma wani abu daban ake yi. Da tun ranar farko an gaya masa gaskiya, ko ya karɓa ko ya ƙi.

Red_Aminu:
Ni ɗan United ne, kuma na ga ɓangarorin biyu da idona. Ten Hag, kocin da aka ɗauko daga Ajax, aka sakar wa mara. Antony daga Ajax a kan sama da fam miliyan 80, Lisandro Martínez daga Ajax, Onana tsohon golansa a Ajax, daga baya De Ligt da Mazraoui, duk yaransa ne. Ba na ganin laifinsa da ya nemi waɗanda ya sani, kowa haka zai yi. Laifin na kulob ne da ba shi da wanda zai ce wannan farashin ya yi yawa, ga wani a rabin kuɗin. Aka tsawaita masa kwantiragi a Yulin 2024, aka ƙara saya masa 'yan wasa, aka kore shi a Oktoba. Sai aka kawo Amorim mai buga 'yan baya uku, ya tarar da tawagar da aka gina don wani salo daban.

Abu Safwan ka tambaya ko ana korar darakta. Dan Ashworth ya fara aikin darakta a United a Yulin 2024 bayan an yi watanni ana ja-in-ja da Newcastle a kansa, Disamba ya tafi. Wata biyar.

Ummu_Haidar:
A Bayern ma an yi. Shugaban gudanarwa Kahn da darakta Salihamidžić suka kori koci Nagelsmann a Maris na 2023, a ƙarshen Mayu su ma aka sallame su, a ranar da kulob ɗin ya ci Bundesliga. A Jamus darakta ba ya ɓuya, yana fitowa gaban kyamara ya amsa tambayoyi bayan wasa. A Ingila ne za ka ga koci yana kare cinikin da ba shi ya yi ba, wanda ya yi kuma ba a jin muryarsa duk shekara.

Abu_Safwan:
To wannan na Jamus ya fi kusa da adalci. In kai ka zaɓa, fito ka amsa.

Zainab_Seagull:
Ba wanda ya ambaci Brighton. Tony Bloom mai kulob ne da ke da hannu dumu-dumu a harkar, amma ta hanyar alƙaluma da tsari, ba don wani ɗan wasa ya burge shi a talabijin ba. Sun ɗauko Caicedo daga Ekwado a 2021 da kuɗi kaɗan, suka sayar wa Chelsea a 2023 a kan kuɗin da ya kai fam miliyan 115. Kocinsu Potter ya tafi a Satumban 2022, cikin 'yan kwanaki suka kawo De Zerbi, suka ƙare na shida, suka shiga gasar Turai karon farko a tarihinsu. A can kocin ma zaɓo shi ake yi don ya dace da 'yan wasan da ke ƙasa.

Kabiru_Gunner:
Brighton ba kofi ake nema a wurinsu ba 'yar'uwa. Kulob ɗin da dole sai ya ci gasa ba zai yi ta sayar da gwanayensa ba. Ku duba Arteta a Arsenal: da koci kawai aka kira shi a Disambar 2019, a Satumban 2020 aka mayar da shi manaja, aka ƙara masa iko. Da ya ce Özil da Aubameyang ba sa cikin tafiyarsa, darakta Edu da masu kulob suka mara masa baya duk da asarar kuɗin. Ba don haka ba da ba a gyara ɗakin nan ba.

Sadiq_Anfield:
Man City kuma ta ɗayan gefen ta bi. Darakta Begiristain da shugaban gudanarwa Soriano sun zo tun 2012, Guardiola sai 2016. An gina gidan kafin ya iso, kuma mutanen da ya sani ne tun Barcelona. Da ya ce Joe Hart bai dace da salonsa ba, babu gardama, aka tura shi aro Torino.

Abu_Safwan:
Na karanta duka, na gode. A kan saye na sassauta, na ga amfanin a samu mai taka wa koci burki. Amma sayarwa fa? Ɗan wasan da koci ke amfani da shi duk mako, a sayar da shi ba da yardarsa ba, sannan a ce ya kawo sakamako iri ɗaya? A nan kam ban motsa ba.

Red_Aminu:
Ferguson da kansa ya sayar da Jaap Stam ga Lazio a 2001, babu wanda ya tilasta shi, daga baya ya amsa cewa kuskure ne. Koci ma yana sayarwa cikin fushi.

Malam_Isyaku:
Sayarwa yanzu wani lokacin ba koci ba ne, ba darakta ba ne, ba ma mai kulob ba ne. Dokar kuɗi ce. A ƙa'idar da Firimiya ta yi amfani da ita, kulob ba zai yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 a shekara uku ba, kuma an ga an zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/24. Ga yadda lissafin yake: in ka sayi ɗan wasa fam miliyan 50 a kwantiragin shekara biyar, miliyan 10 ake rubutawa a littafi duk shekara. Shi ya sa Chelsea ta riƙa ba da kwantiragin shekara takwas, har UEFA ta taƙaita rabon zuwa shekara biyar a 2023. In kuwa ka sayar da yaron da ya taso a makarantar kulob, kuɗin gaba ɗaya riba ce a wannan shekarar, tunda ba saye aka yi ba. To ka ga wanda za a fara sayarwa idan lissafi ya ƙi.

A ƙarshen Yunin 2024 Newcastle, kulob ɗin da masu shi ke cikin mafiya arziki a duniya, dole ta sa ya sayar da Elliot Anderson ga Forest da Yankuba Minteh ga Brighton kafin a rufe littafin shekara. Kocinsu Eddie Howe ya faɗa a fili cewa ba ya son rabuwa da Anderson. Ko da an rubuta masa maganar ƙarshe a kwantiragi, me zai yi? Ya ƙi, a cire musu maki?

Hauwa_Blues:
Haka aka yi mana da Gallagher. Kusan duk kakar 2023/24 shi ke ɗaura kyaftin a ƙarƙashin Pochettino, yaron gida ne tun yana ƙarami, Agusta aka sayar da shi ga Atlético Madrid.

Tsohon_Gola:
Malam Isyaku, dokar ba ita ta kashe kuɗin tun farko ba. Wani ne ya sa hannu a kan cinikin da ya kai su ga matsin, kuma ba Howe ba ne ke riƙe da littafin. In za a sayar wa koci ɗan wasa saboda lissafi, to a rage abin da ake nema a wurinsa a wannan kakar, a kuma faɗa wa magoya baya dalili da bakin wanda ya yi lissafin.

Nura_53:
A NFL duk shekara ana sallamar gwanaye saboda iyakar albashi, kuma janar manaja ne ke zama gaban 'yan jarida ya yi bayani, musamman a ƙarshen kaka da kuma kafin zaɓen matasa. Ummu Haidar, a Jamus ɗin da kika ambata, darakta yana iya sayar da ɗan wasa kai tsaye, ko sai hukumar da ke sa ido a kan kulob ta amince idan kuɗin ya yi yawa?

Ummu_Haidar:
A Bayern manyan cinikayya sai sun bi ta hukumar sa ido, kuma a nan tsohon shugaban kulob ɗin Uli Hoeneß yake zaune. Darakta ma yana da na sama da shi. Koci Flick ya ci kofuna shida da su, amma bai daɗe ba ya nemi tafiya a 2021, kuma saɓaninsa da Salihamidžić a kan 'yan wasa ba ɓoyayye ba ne. Shugabannin sun riƙe darakta suka bar kocin ya tafi.